Sifaniyanci a Babbar Sakandare: A Koyar da Shi da Gaske, ko a Bar wa Iyaye Kuɗinsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in tanka wa bawan Allahn da ya rubuto kwanakin baya yana yi wa wasu makarantun kuɗi na Kano shaguɓe saboda sun sa Sifaniyanci a jadawalin 'yan SS. Cewa ya yi yaron da bai iya haɗa jimlar Turanci ba, Hausar ma in ya rubuta sai an yi ta lalube, ina shi ina yaren mutanen Madrid. Ya ƙara da cewa yaren 'yan ƙwallo ne, iyakar inda zai kai mutum gidan kallo. Rabin maganarsa na karɓa hannu bibbiyu. Ɗaya rabin kuwa, da alama Malam bai daɗe da leƙa Dawanau ba.

Ni tsohon malamin Faransanci ne. Na koyar a makarantar gwamnati a nan cikin birni har albashi ya gaza riƙe gida, na koma kasuwa. Yanzu ni nake riƙe wa wani Alhaji littattafan lissafi da wasiƙu a Dawanau, harkarmu zoɓo da riɗi. A can, da furfura a gemuna, na koyi ɗan Sifaniyancin da nake da shi. Bai kai in yi wa'azi da shi ba, amma yana karanta takardar ciniki, kuma ya isa in gane in ana sayar wa iyaye gaibu.

Mu fara da tambayar me za a yi da shi. Duk wanda ya ga tireloli suna lodin zoɓo a Dawanau ko Maigatari ya tambayi inda kayan za su, amsar da zai fi ji ita ce Meziko. Su ne manyan masu sayen zoɓon Najeriya. Suna jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi, a gida da gidajen abinci da bakin titi, kuma abin da suke nomawa ba ya isarsu. Mutanen Meziko sun haura miliyan 120, babu ƙasar da ta kai ta yawan masu Sifaniyanci a duniya, har da Sifaniyar kanta. Da suka dakatar da karɓar zoɓonmu a 'yan shekarun baya saboda ƙwaron da aka gani a cikin kaya, duk wanda ke kasuwa a lokacin ya san yadda farashi ya faɗi warwas, buhuna suka yi ta kwana a sito, manomin Jigawa da bai taɓa jin sunan ƙasar ba ya ji a jikinsa. Ƙa'idojin da suka gindaya kafin a dawo da cinikin, na turara kaya da takardun lafiyar tsirrai, asalinsu da Sifaniyanci hukumominsu suke rubutawa. Mu sai dai a fassara mana.

Kuma a wajen fassarar nan ake yanka mu. Akwai wata shekara da wakilinmu na Legas ya kira Alhaji da daddare, murya a raunane, ya ce mai saye ya buɗe kwantena ya ce kaya ba su yi ba, sai an yi ragi mai tsoka ko a dawo da su. Washegari ya turo saƙo da Turanci yana nanata haka. Allah da ikonsa, bai goge asalin wasiƙar mai sayen da ke can ƙasan saƙon ba. Na zauna a kan buhu a bakin sito, 'yan dako na ta wucewa da kaya a ka, ƙurar zoɓo ta mayar mini da farar riga ja, na bi ta layi-layi da ƙamus a waya. Abin da mutumin ya rubuta shi ne, ya sami danshi a wasu 'yan buhuna da ke kusa da ƙofa, yana roƙo a ƙara kula da shanya, launin kayan ya yi masa, kuma yana tambaya ko za mu iya ƙara masa kwantena kafin ƙarshen kaka. Babu ragi, babu dawo da kaya. Na karanta wa Alhaji da Hausa. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya daɗe bai ce uffan ba. Wakilin nan shekara da shekaru muna tare da shi, kuma la'adarsa ba ta taɓa yin latti ba.

Ba zoɓo kaɗai ba. Fatun awaki da na tumaki da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, Italiya da Sifaniya ne manyan kasuwanninsu, kuma garuruwa irin su Elche da Elda a yankin Alikante da ɗinkin takalma suka shahara. Sifaniya na cikin ƙasashen da suka fi sayen ɗanyen mai da iskar gas ɗinmu. Ga maƙwabciyarmu ta teku, Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yanci daga Sifaniya a 1968, Sifaniyanci ne harshen gwamnatinta da makarantunta. Tsibirin da Malabo take a kai, wanda a da ake kira Fanando Po, bai da nisa da Kalaba, kuma dubban 'yan Najeriya, yawancinsu daga kudu maso gabas, sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa har zuwa tsakiyar shekarun 1970 da aka kwaso su. Sifaniyanci harshe ne na gwamnati a ƙasashe 20, kusan mutum miliyan 500 suka sha shi a nono, sama da miliyan 40 suna yin sa a gidajensu a Amurka, kuma yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Makarantar likitanci ta ELAM da Kuba ta buɗe a 1999 don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da shi take koyarwa. Wannan ya isa amsa ga zancen gidan kallo.

To amma inda na yarda da Malam, har ma na fi shi zafi, shi ne abin da ake yi a cikin ajin.

'Yar ƙanwata tana SS2 a wata makarantar kuɗi. A farkon shekara aka aiko wa iyaye takarda mai sheƙi, da tutar Sifaniya a sama, cewa an kawo darasin Sifaniyanci mai zurfi, na matakin ƙasa da ƙasa, da kuɗinsa daban a kan kuɗin makaranta. Uwarta ta biya, don ba ta so a ce 'yarta ce kaɗai ke zaune a waje. Da hutu ya zo na ce, "'Yata, kawo littafinki in gani." Ta kawo da murnarta. Shafi na farko gaisuwa. Na biyu ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin. Sai launuka, sai ranakun mako, sai sunayen 'ya'yan itatuwa da rabinsu ba a sayar da su a Yankaba, sai wata waƙar yara da aka sa su haddace don ranar rabon kyaututtuka. Bayan zango biyu ke nan. Na tambaye ta da Sifaniyanci me ta ci jiya da dare. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Kawu, ba a kawo mu nan ba." Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ta sauke Alƙur'ani tun tana JS, ita ke ɗaukar na ɗaya ko na biyu a ajinsu. Da na bincika, darasin sau ɗaya ne a mako, ranar Alhamis bayan tara, kuma malamin, wanda ba na ganin laifinsa ko kaɗan, malamin Faransanci ne kamar ni da aka ce masa ai duk yaren Turawa ne, ya riƙa duba manhajar waya da daddare yana kawo musu da safe. A kasuwarmu in mutum ya cika buhu da ƙaiƙayi ya rubuta lamba ɗaya a jiki, sunan abin da ya yi ha'inci.

Kalmar "mai zurfi" tana da ma'auni, ba ado ba ce. Turai ta tsara matakai shida na iya harshe, A1 da A2 na mai farawa, B1 da B2 na tsakiya, C1 da C2 na gwanaye. Abin da na gani a littafin nan bai cika A1 ba. Jami'o'in Sifaniya galibi B2 suke nema ga baƙon ɗalibi, wato wanda zai saurari lacca ya ɗauki rubutu, ya karanta jarida, ya yi gardama ba tare da ya tsaya yana haɗa kalmomi a ka ba. A Ingila, ɗalibin da ya zaɓi Sifaniyanci a shekaru biyun ƙarshe na sakandare, abin da suke kira A Level, ya riga ya yi shi shekaru a ƙananan azuzuwa ya zana jarrabawarsa yana ɗan shekara 16. A shekaru biyun nan littafin adabi sukutum ake ba shi ya karanta ya rubuta sharhi, ya yi fassara gaba da baya, ya zauna gaban mai jarrabawa ya kare ra'ayinsa kan siyasa ko tarihin ƙasashen da ke yin harshen. Tsarin IB da wasu makarantun duniya ke bi ya ware awa 240 na koyarwa ga babban mataki a shekaru biyu, kuma shi ma ga wanda ya zo da tushe ne. Su wannan suke nufi da zurfi.

Mu yi lissafi, tunda shi ne sana'ata yanzu. Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Sifaniyanci. Hausa ta ba ta awa 1,100, Larabci 2,200, don haka Sifaniyanci na cikin masu sauƙi a jerinsu. Amma waɗannan manya ne da aka ɗauke musu kowane aiki, 'yan ƙalilan a aji, gaban ƙwararru. Yanzu ɗauki darasi ɗaya na minti 40 a mako, a shekarar karatu mai makonni kamar 36. Awa 24 ke nan a shekara, awa 72 daga SS1 zuwa SS3, in ba a yi yajin aiki ba, ba a yi wasannin gida-gida ba, malami bai yi zazzaɓi ba. Ko kullum za a yi darasin, Litinin zuwa Juma'a, awa 360 za a samu a shekaru ukun. Da wannan, da malami na gari, da yaro mai karatu a gida, a iya kaiwa B1, mai himma ya leƙa B2. Da awa 72 kuwa sai gaisuwa da launuka, kuma duk mai makarantar da ya buga takardar nan ya iya wannan lissafin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ɗan Bahaushe yana da gata a wannan harshe da ɗan Landan ba shi da shi, amma ana zubar da gatan saboda an dage sai ta Turanci za a bi da shi. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda muke furta su suke furta su. Abin da aka rubuta shi ake karantawa, ba irin Turanci ba da harafi ɗaya ke da fuska huɗu. Yaron da ya iya karatun Hausar boko zai karanta shafin Sifaniyanci da ƙarfi a makon farko, Basifaniye ya gane shi, ko da shi mai karatun bai san me yake cewa ba. Harafin r mai kaɗawa da ke wahalar da Turawan Ingila shekara da shekaru, mu da shi muka tashi. Su ba sa bambanta b da v a furuci, wanda sauƙi ne gare mu. Inda za mu sha wuya shi ne p da f, wannan tsohon ciwon namu, kuma malamin da ya san Hausa tun ranar farko zai sa ido a kai.

Nahawun ma haka. Kowane suna a Sifaniyanci namiji ne ko mace, abin da ke rikita mai Turanci, mu kuwa ba sai an yi mana bayani ba. Har ma yawancin sunaye mata da a suke ƙarewa a harsunan biyu: riga, mota, makaranta a wajenmu, camisa, mesa, escuela a wajensu. Kuma kamar yadda gida da ruwa suka ƙare da a amma maza ne, su ma suna da día da mapa. Akwai wasu aikatau biyu, ser da estar, da littattafan Turanci ke ɓata babi guda a kansu saboda Turanci kalma ɗaya yake da ita a wurin. Na gwada da yarinyar nan a tsakar gida. Na ce mata, "Baba malami ne" da "Baba yana kasuwa", ɗaya suke? Ta ce a'a, na farko abin da yake ne, na biyu inda yake. Na ce to na farko es, na biyu está. Ba ta kama duka ba, don akwai sauran rassa, amma ta kama gindin kafin shayinta ya huce. Haka bambancin lokutan da suka shuɗe guda biyu: "ina cin abinci ya shigo", ɗaya aiki na tafiya, ɗaya ya faɗo a kansa, su ma comía da entró. Haka wanda ake tsorata ɗalibai da shi a matakin sama, sigar fata da umarni. Bahaushe ya san "na san ka zo" daban, "ina so ka zo" daban, har karin sautin ka ɗin ya sauya. Su ma aikatau ɗin sauyawa yake yi bayan so da fata da tsoro da roƙo. Wanda ya bi ta Turanci sai ya haddace wannan a matsayin doka, wanda ya bi ta Hausa tuna masa kawai za a yi.

Ba ina cewa abin wasa ba ne. Kowane aikatau yana da siffofi da dama da babu makawa sai an haddace, masu harshen suna magana da sauri kamar ana binsu, kuma furucin Madrid daban da na Meziko, na Ajantina ma daban. Amma ka ga yadda maganar ta komo kan abin da Malam ya faɗa da gaskiya: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ba a koya masa nahawun Hausarsa ba, aka hana shi yin ta a harabar makaranta har da tara, an karɓe masa tsanin da zai taka. Makarantun da ke cin tarar yara don sun yi Hausa su ne kuma ke buga takarda mai tuta.

Game da cewa baƙon abu ne da bai haɗa komai da mu ba, nan ma akwai gyara. Daga 711 da Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallaka teku zuwa can, har 1492 da Garnaɗa ta faɗi, akwai mulkin Musulmi a wani yanki na ƙasar da muke kira Andalus. Ibn Malik mai Alfiyya, da almajiran nahawu ke haddacewa a zaurukan birnin nan, a Jayyan aka haife shi, garin da yau ake kira Jaén. Ƙurɗubi mai tafsiri, sunansa ma ya faɗi garinsu, Ƙurɗuba, wato Córdoba ta yau. Alƙali Iyal, mai Ashafar da ake karantawa da azumi, haifaffen Sabta ne, wadda yau take hannun Sifaniya da sunan Ceuta. Masana na ƙiyasta kalmomi kimanin 4,000 na Sifaniyanci daga Larabci suka fito. Sai dai kada wani mai makaranta ya ɗauki wannan ya sa a talla, domin malaman nan da Larabci suka yi rubutu, ba da Sifaniyanci ba, kuma mai son karanta su Larabci zai nema. Abin da nake nufi ya fi haka ƙanƙanta. Ɗakin karatu na Eskoriyal kusa da Madrid cike yake da rubuce-rubucen Larabci na hannu, kuma bincike mai yawa kan Andalus da Sifaniyanci aka wallafa shi. Yarinyar Kano da ta fito da Larabcin Islamiyya ta ɗora Sifaniyanci a kai ta riƙe abu biyu da ba kasafai ake samunsu a hannu ɗaya ba.

Tsorona daga abin da na gani da idona ne. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, ga kuma ƙauyen koyon Faransanci da aka kafa a Badagiri tun 1991. Dalilin a fili yake, Nijar da Chadi da Kamaru da Binin sun kewaye mu. Na shiga aji da wannan zumuɗin. Ɗalibai sun fi ɗari, wasu a kan taga, littafi ɗaya a hannuna, allo ya fashe. Ina shiga su miƙe su rera gaisuwa da murya ɗaya, daɗin ji kamar gaske. Yau ina haɗuwa da su a Kantin Kwari da Singa, manyan mutane da iyali, su rera mini gaisuwar nan mu yi dariya, kuma iyakar abin da ya rage ke nan. Wanda ya iya Faransanci a cikinsu, a Maraɗi ko Kwatano ya koya, a bakin ciniki. A 2025 kuma aka sanar da ƙara Sinanci a manhajar babbar sakandare, kusa da Faransanci da Larabci. Ina yi masa fatan alheri. Amma sa harshe a takarda ba ya haifar da malami.

Malaman kuwa akwai su, kuma ba sai an je Turai ba. A Kamaru da Binin da Kwaddibuwa da Sanagal da Gabon, Sifaniyanci darasi ne na yau da kullum a sakandare, harshen waje na biyu bayan Turanci, dubban ɗaruruwan yara ke yin sa, jami'o'insu na yaye malamansa duk shekara. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshen, a Dakar ta buɗe reshenta na farko a Afirka kudu da Sahara a 2021, ba don komai ba sai don a can ɗaliban suke. Makarantar da ke karɓar kuɗi daban don wannan darasi tana iya ɗauko ƙwararre daga Marwa ko Garwa, wataƙila ma mai jin Hausa ko Fulatanci, ta ba shi ɗaki da albashin kirki. Makarantu uku ko huɗu na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya.

Sai babbar matsalar da duk malamin SS ya sani. Daga zango na biyu na SS2 zuwa ƙarshe, yaro ba shi da wani tunani sai WAEC da NECO da JAMB, kuma babu Sifaniyanci a ko ɗaya daga cikinsu. Darasin da ba ya cikin kiredit biyar, ranar da aka fara darasin yamma na share fagen jarrabawa shi ake fara yankawa, kuma ban ga laifin kowa ba. Don haka wanda zai yi da gaske sai ya zuba ƙarfinsa a SS1 da SS2, kullum, ya sassauta a SS3, sannan ya yi amfani da watannin nan da yara ke zaman jiran sakamako da gurbin jami'a, waɗanda yawanci a waya da barci suke ƙarewa. Kuma a auna yaron da ma'aunin da ba makarantar ce ta ƙera shi ba. Akwai jarrabawar DELE da cibiyar Cervantes ke shiryawa da sunan ma'aikatar ilimin Sifaniya, tana da kowane mataki daga A1 zuwa C2, tana da nau'i na musamman don 'yan makaranta, kuma takardarta ba ta tsufa. Ofishin jakadancin Sifaniya yana Abuja, tambaya ba ta da tsada. Maki 95 da malamin aji ya rubuta a katin sakamako ba ya gamsar da kowa a wajen ƙofar makarantar.

Kuma ba kowane yaro ba. Wanda Turancinsa da Lissafinsa ke rawa, a bar shi ya tsayar da su, nan Malam ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Aji ɗaya na yara goma sha biyar ko ashirin da suka zaɓa da kansu ya fi ɗari biyu da aka tara don a cika rasit. Samarin da ke kwana kan Real Madrid da Barcelona, waɗanda suka san Umar Sadiq ya buga wa Almería da Real Sociedad, suka san Chukwueze ya ɗauki kofin Europa da Villarreal a 2021, ban raina sha'awarsu ba, don na ga yaron da ya fara da sauraron hirar 'yan wasa ya ƙare yana karanta jarida. Abin da ba na so shi ne a bar su da tunanin cewa amfanin harshen shi ne ranar da mutum ya bi ta Agadas ya tsallaka ruwa. Wanda ya iya shi da takarda a hannu, aikinsa na nan Dawanau da Challawa yana jiransa, ko ya shiga jirgi da biza.

A nan zan juyo ga 'yan uwana 'yan kasuwa, don ba gwamnati kaɗai ake wa kuka ba. Abin da ɗan tsakiya ɗaya ke ci a kwantena biyu ya isa ya biya malami shekara guda. Ƙungiyoyinmu na tara kuɗi don gyaran kwata da sayen taransifoma. Ban ga abin da zai hana su ɗauki nauyin aji ɗaya a wata makarantar gwamnati da ke kusa da kasuwa ba, maza da mata, da sharaɗin duk wanda ya ci B1 a ba shi aikin hutu a ofishin masu fitar da kaya, ya ga yadda ake rubuta takardar farashi da ta lodin jirgi. Na faɗa wa Alhajinmu, ya ce in rubuto masa a takarda da adadin kuɗi, kuma na rubuta.

Ƙanwata ta ce ni zan wakilce ta a taron iyaye da malamai na zango mai zuwa. Zan tambayi shugaban makarantar awa nawa darasin nan yake samu a shekara, wace takarda malamin yake da ita a Sifaniyancin kansa, da kuma wace jarrabawar waje yaran za su zana da wane mataki. In amsar ta gamsar, ni zan biya kuɗin zangon daga aljihuna in ƙara da na ƙamus. In ba ta gamsar ba, za mu nemi a cire kuɗin daga takardar biya, yarinyar kuma ta riƙa zuwa wajena Asabar da Lahadi da yamma, ita da duk ƙawarta da iyayenta suka yarda, har mu sami wanda ya fi ni.

Ina kuma roƙonka, Edita, ka tura wakilinka ya zaga makarantun da ke tallar harsunan waje a Kano, Sifaniyanci ne ko Sinanci ko Turkanci, ya nemi a nuna masa jadawali da littafin ɗalibi ɗaya daga SS3, ya buga mana abin da ya gani.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin Faransanci,
Kurna, Kano.